Golan da Ya Ƙame

Tun da na sauka a Kuala Lumpur kunnena bai huta ba, amma duk ƙarar da ke garin nan babu wadda ta san da zamana. Jirgin ƙasan da ke bi ta sama yana wucewa ta bayan tagarmu a Wangsa Maju, babura suna ta kuka, ruwa yana dukan baranda kusan kullum da la'asar sai ka ce aiko shi aka yi. Ba wadda ke ce maka tashi, ba wadda ke ce maka tsaya. Mu kuwa da muka yi ƙuruciyarmu a makarantar horar da hafsoshin soja, sauti ne ya raine mu. Begila ke tashin mu, ita ke kiran mu cin abinci, ita ke fitar da mu fareti, ita ke sa mu kashe fitila. Kowace busa da abin da take nufi, kuma jikinka ke riga kanka ganewa. Har yau, da furfurata da sandata da wannan gwiwa da ta kawo ni asibitin ƙasar mutane, in mai burodi ya matsa hon ɗin babur ɗinsa a ƙasan bene sai in ji kafaɗuna sun miƙe ba da izinina ba.

A wajen 'yata Hajara na sauka, ita da mijinta Malam Nasiru, wanda ke ƙarasa digirin digirgir a jami'ar da ke Lembah Pantai. Babban ɗansu sunana ya ci, shi ya sa suke ce masa Halifa. A nan ya yi wayo, a nan ya zama saurayi, Hausarsa kuwa abin tausayi, ka yi masa magana da harshen ubansa ya mayar maka da Turanci, ya liƙa “lah” a gindi. Da na zo, wasan jika da kaka muka buɗe ba kama hannun yaro. Ya ɓoye mini sanda, in ce Hausar mai shayin mamak, wato shagon Indiyawan garin nan, ta fi tasa, ya ce tsoho ya zo Malesiya ya kasa cin abinci da tsinke. Halifa gola ne, mai tsaron raga a wasan ƙwallo. Wata ƙungiya a garin nan ta ga wasansa, ta ce a bar mata shi a cikin matasanta, ya ci gaba da karatu a nan yana buga mata. Yardar uba kawai suke jira, kuma sun ce ba za su daɗe suna jira ba.

Wata rana muna cin abinci Malam Nasiru ya ajiye cokali.

“Baba, ni na gama magana da shi. Jami'ar da ta turo ni tana jirana in koma in yi mata aikin da na yi alkawari, kuma zan koma. Shi ma gara ya san akwai abin da ake kira bauta wa ƙasa. Ya bi mu gida ya shiga makarantar da kuka yi. Ai can ma ana buga ƙwallo, ko ba haka ba? Ya zama hafsa, ya zama gola, ya haɗa biyu.”

“Abba, ba ɗaya ba ne lah,” in ji Halifa.

“Rufe mini baki, da kakanka nake magana.” Ya juyo wajena. “Ku ne kuka san wurin. Duk abin da kuka ce, wallahi shi za a yi.”

Ya rantse ne don ya tabbata tsohon soja ba zai ce komai ba sai soja. Hajara ta sunkuyar da kai tana juya shinkafar da ba ta ci. Ni kuwa ban taɓa sa baki a gidan suruki ba, ga shi an ɗora mini rayuwar yaro a cinya. Na ce a bari in ga wasansa tukuna. Daga ranar Halifa ya daina taɓa mini sanda. Da safe sai ya durƙusa ya ce “Ina kwana, Kaka,” kamar baƙo, ya tashi ya fita. Wannan ladabin ya fi zagi ci mini rai.

Ba ƙarya Malam Nasiru ya yi ba, ana buga ƙwallo a can, mun kuwa buga ta. Amma yaran yanzu da ke zuwa fili da jaka da robar ruwa da safar hannu mai laushi ba za su gane irin tamu ba. Mu ke sare ciyawar filin da langalanga har tafin hannu ya yi kanta. Mu ke zana layi da toka a gwangwani mai huji, mu ɗinke raga da igiyar buhu, mu hura ƙwallo da famfon keke. Duk wannan kuma sai bayan ka goge takalmin faretinka da tofi da tsumma har ka ga haƙoranka a ciki, ka goge kaki da dutsen guga na gawayi, ka haddace karatun gobe. Wanda ya faɗi jarrabawa ba ya taka fili ko da ƙafarsa ta zinare ce. Duk da haka muna son filin nan kamar me, don nan ne kaɗai ƙarami zai bangaje na gaba da shi ya kwana lafiya. Samanjanmu, wani baƙin dogo mai murya kamar ana jan ganga a tsakuwa, yakan tsaya a bakin layi da sanda a hammata ya ce, “Ku yi a hankali da ƙafafun nan, na gwamnati ne, aro aka ba ku.” Mu yi ta dariya a ɓoye. Mun ɗauka barkwanci yake yi.

Ni a baya nake bugawa, golanmu kuwa Isiyaku ne, abokina, gadonsa na jikin nawa. Siriri ne mai dogayen hannuwa, ba ya sa safa, tofi kawai yake yi a tafi ya murza. Ya ce tun yana ƙarami yayyensa ke hawa bishiya su riƙa jefo mangwaro, duk wanda ya taɓa ƙasa a rankwashe shi, a haka ya koya. Kai, ban taɓa ganin mutum yana tashi sama kamar Isiyaku ba! In ya daka tsawa ya ce “Bar mini!” to ka kauce kawai, in ba haka ba ya haɗa da kai ya cafe. A aji ma ba baya ba ne, a fareti kuwa da shi ake misali. Da ni da sauran, ƙwallo nishaɗi ce. Shi kuwa da ƙwallonsa yake kwana a ƙarƙashin gado, in barci ya kwashe shi sai ka ga yatsunsa suna motsi.

Sai wani koci na babbar ƙungiyar cikin gari ya ƙyalla ido ya gan shi. Ya zo ya sake zuwa, yana cewa yaron nan ƙasa gaba ɗaya zai tsare wa raga. To amma dokar a fili take: duk wanda gwamnati ta ciyar ta koyar ta maƙala wa anini a kafaɗa, sai ya yi mata shekarun da ta yanka, wanda ya gudu kuwa sunansa gujajjen soja har ya mutu. Ƙofa ɗaya ce tak, Kwamanda ya yarda ya ba da aron mutum. A shekarar muka kai wasan ƙarshe na cin kofi, da ƙungiyar kocin nan za mu kara, a filinmu. Kwamanda da kansa ya zo wajen atisaye, ya tsaya gaban Isiyaku, duk muna ji, ya ce, “Ka riƙe mini ragar nan. Kada ko ɗaya ta shiga. In ka yi haka, ni kuma zan ba da aronka.” Isiyaku ya sara masa.

Ranar wasa hadari ya taso aka sheƙa ruwa, ba a fara da wuri ba. Mutanen gari sun cika gefe ɗaya da ganguna, 'yan makaranta a ɗaya gefen a jere, Kwamanda da manyan baƙi a rumfa. Mutanen nan sun fi mu iya ƙwallo, gaskiya ɗaya ce. Sun matse mu a gida kamar an tara awaki a lungu, amma duk ta inda suka ɓullo sai su tarar da Isiyaku. Ya ture ta sama, ya cafe ta ƙasa, har bugun daga kai sai gola aka ba su ya doke. Caɓo ya rufe shi, idanu kawai ake gani. Kocin gari ana hana yaransa ci amma sai murmushi yake yi. Aka yi ta ɗauki ba daɗi ba ci, har alƙalin wasa ya fara duba agogo. A nan ne na lura inuwar turken raga ta yi tsawo, rana ta yi ja. Na san abin da ke zuwa, kuma na san ba wanda zai aika a ce wa tuta ta jira.

Wanda bai yi soja ba sai an yi masa bayani. Kullum da faɗuwar rana ana sauke tuta, mai begila ya busa. Da ka ji busar nan, duk inda kake a cikin makaranta, duk abin da kake yi, za ka juya ka fuskanci tuta ka ƙame har a gama. Ko tukunyar miya ce a hannunka, ko kunama ce a wuyanka. Mun ga wanda ya sosa kunne kawai ya yi tsallen kwaɗo har ya suma, mun ga wanda aka rufe a gadurum. A gaban Kwamanda da baƙi kuwa, wanda ya motsa sai dai ya fara ɗaure kayansa.

Ɗan gabansu ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, na taso masa, na ɗaga ƙafa ke nan sai begila ta tashi. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ƙafar ce ta sauka da kanta, dugadugaina suka haɗu. Mu goma muka tsaya ƙiƙam a cikin caɓo. Alƙalin wasa farar hula ne, ya tsaya da usur a baki yana waige-waige, don babu wannan a dokar da ya sani. Ɗan wasan ya wuce ta gefena har ina jin warin man zafin da ya shafa. Tutar a bayan ragarmu take, saboda haka duk mun juya muna fuskantar Isiyaku, ina kallon komai ba halin in yi ko tari.

Mu jiki ne ya yanke mana hukunci. Shi kuwa an ba shi lokaci, kuma wannan ne mugun abin. Yana duƙe, hannuwa a buɗe, mutum yana taho masa shi kaɗai tun daga nesa. Ya dubi ƙwallo. Ya dubi rumfa, inda Kwamanda ke tsaye ya sara. Kocin gari kuwa ya manta wa yake wa aiki, yana ta ihu, “Fito! Fito masa, yaro!” In ya fito ya karya doka a gaban mai dokar, in ya tsaya ƙwallo ta shiga, alkawari ya tashi. Na ga yatsunsa suna buɗewa suna rufewa. Ni kaina ban san wanne nake roƙa masa ba. Sai na ga ya miƙe a hankali, ya juya wa fili baya, ya haɗa dugadugai, ya sauke hannuwan nan a jikin cinyoyinsa. Ɗan wasan ma sai da ya rage gudu, kamar mai jin kunya, sannan ya gangara ta. Ta bi ta gefen ƙafar Isiyaku, kusan da ko ɗan yatsa ya karkata da ya tare ta, ta shige ta kwanta a raga. Mutanen gari suka ɓarke da sowa, sai kuma suka yi tsit da kansu. Begila ba ta fasa ba sai da ta kai ƙarshe.

Alƙali ya ce ci ne, aka tashi a haka. Koci ya tattara yaransa yana faɗa da ƙarfi don a ji, “Me zan yi da golan da ƙaho ke daskarar da shi?” Washegari a fareti Kwamanda ya kira Isiyaku gaba, muka ce shi ke nan. Ashe yabo ne. Ya ce ga ɗalibi, ga ɗan wasa, ga soja, duk a jikin mutum ɗaya, ga abin da aka gina makarantar nan dominsa. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Irin wannan ba a ba da aronsa.” Aka yi tafi. Aka rataye hotonsa a ɗakin cin abinci, duk sababbin shiga sai an kai su gabansa an ba su labari. Shi kuwa a ranar ya wanke rigar golansa ya mayar sito, ƙwallon da ke ƙarƙashin gadonsa ya ba wani ɗan aji ɗaya. Bai ƙara tsayawa a raga ba.

Ya yi aikin soja, ya kuwa yi shi da kyau, yaransa suna son sa kamar uba. Bayan duk mun ajiye kaki na kai masa ziyara, muna zaune a ƙofar gidansa sai ƙwallon yaran unguwa ta gangaro wajenmu. Na ga ya janye ƙafafunsa ya bar ta ta wuce. Na ce, “Haba Isiyaku, har yanzu?”

Ya ce, “Ban ce na yi kuskure ba fa. Da na fito, da kora ce, da ban iya kallon idon tsohona ba. Abin da ban sani ba shi ne tsawon tsayuwar. Na ɗauka in begila ta yi shiru zan motsa. Ka gan ni nan, ban motsa ba.”

Bai daɗe ba bayan nan ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Wannan nake ta juyawa a raina har ranar da Malam Nasiru ya ɗauke ni a mota zuwa wani fili a wajen Setapak. Ciyawar roba ce kore shar, ba mai sare ta, ba mai zana mata toka. Iyaye sun jeru a benci kowa da waya a sama, wasu da abincin da suka yo tapau, wato suka sayo aka ƙunsa musu a leda. Halifa yana raga da safar hannu kamar ta masu walda, ko sau ɗaya bai dubi inda muke ba. Malam Nasiru yana gefena ya harɗe hannuwa, ba ya tafi, ba ya magana, jira kawai yake a tashi in faɗi abin da ya san zan faɗa. Ni kuwa har lokacin ban san me zan ce ba. Ina son kakina, ban taɓa nadamar sa shi ba, kuma ba na son a ce na zo gidan mutum na raba shi da ɗansa. Yaron dai ya iya, wannan ko makaho ya ji yadda ƙwallo ke faɗa masa a hannu ya sani.

Ana dab da tashi, su Halifa suna gaba da ci ɗaya, 'yan bayansa suka yi sakaci. Wani ɗan gaba ya kufce ya taho shi kaɗai. Na riƙe sandata da hannu biyu. Ashe bayan bishiyoyin da ke gefen filin akwai barikin soja, ban sani ba. Sai kawai begila ta tashi. Ba irin busarmu ba ce sak, amma ko a kabari na ji ta na san ta sauke tuta ce.

Ban san sanda na miƙe ba. Sanda ta faɗi, gwiwar da likita ya ce kada in takura mata ta miƙe sambal, na juya wajen bishiyoyin na ƙame, na ba fili baya. Ina jin wata mata 'yar Malesiya tana tambayar mijinta ko lafiya. Ina jin takun yaron nan yana matsowa ragar jikana. Na ce wa wuyana juya, ya ƙi. Sai na ji ƙarar karo, sai ihu ya tashi a bayana, ban san ko na murna ba ne ko na ci. Haka na tsaya, tsoho da ni, a ƙasar da tutarta ma ba tawa ba ce, hawaye yana bin gemuna har busar ta ƙare.

Da na juyo, Halifa yana kwance a ƙasa ya rungume ƙwallo a ƙirji, leɓensa yana jini, yana zazzaga wa 'yan bayansa masifa da Malayanci.

Ana tashi ya sheƙo da gudu, ya manta yana fushi da ni. “Kaka! Ka gani? Ka ga yadda na fito masa?”

Na ce, “Ban gani ba. Kai ka ji begila?”

Ya yi sororo. “Wace begila?”

Na juya wajen ubansa. “Malam, ka rantse abin da na ce shi za a yi.”

“Haka ne, Baba.”

“To yaron nan ba ya jin begila. In ka kai shi can za su koya masa jin ta, sun iya, ga ni nan ka gani da idonka. Zai yi ta haɗa biyun kamar yadda kake so, har ranar da za su zo masa a lokaci ɗaya. Na taɓa ganin ranar, ba na son in sake gani. Wanda zai yi soja ya je don soja, da ƙafarsa. Wannan ka bar shi a ragarsa.”

Malam Nasiru ya dube ni. Ya dubi ɗansa, ya dubi jinin da ke leɓensa. Can ya ce, “Ban zaci haka daga bakinku ba, Baba.”

“Ni ma ban zata ba.”

Ya sunkuya ya ɗauko sandata, ya kakkaɓe ta, ya miƙo mini da hannu biyu. “Na riga na rantse. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Ya wuce wajen mota shi kaɗai, bai jira amin ɗinmu ba.

Halifa ya tsaya yana kallona kamar bai fahimci Hausar ba. Sai kuma ya fizge sandar daga hannuna, ya cusa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatata a madadinta, duk ya shafe mini riga da gumi. “Tsoho,” in ji shi, “ka zo har Malesiya kallona, ka juya mini baya.”

Na ce to ya ba ni labari tunda ban gani ba. Muna tafe a hankali yana faɗa mini, rabi Hausa rabi Turanci, yadda ya bar layi, yadda ya ƙi kwanciya da wuri, yadda ya faɗa ƙafafun yaron ya ɗauke ta. Da ya gama na ce, “Sake faɗa mini, Isiyaku, daga inda ka fito.”

Bai ma lura da sunan da na kira shi ba, ya sake farowa.